Wa ya kalli fim ɗin Huang Shu? Ciwon uwa ne ya bi ta ko bakin mutane?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah wa ya kalli fim ɗin nan na Chaina, Nobody Knows, wanda ya fito a Youku, dandalin kallon fim na intanet na can, a 2022? Kashi 16 ne kacal, ba irin waɗanda mutum zai tsufa yana kallo ba. Wanda bai gani ba ya yi haƙuri, zan ɗan fasa ƙwai. Labarin yara huɗu ne 'yan sakandare a arewa maso gabashin ƙasar. Akwai Qin Li, yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa, ubansa ɗan fashi ne da ya yi kisa hukuma ta kashe shi. Akwai Huang Shu, wadda duk makaranta an san mahaifiyarta na da tabin hankali. Sai Wang Di da Feng Xuejiao, ita Feng 'yar ɗan sanda ce. An tsinci gawar budurwa cikin ƙanƙara a gindin wani kangon bene da mutanen gari ke kira gidan fatalwa, bayan shekara 10 aka sake tsintar wata, salon kisan iri ɗaya. Baban Feng Xuejiao ne ya riƙe binciken farko, shi ne kuma na biyun ya dawo wa.

Wadda ta tura min fim ɗin cewa ta yi labarin gadon hauka ne. To ni dai har aka rufe ban ga inda Huang Shu ta gaji komai ba, ta ma fi kowa nutsuwa a cikinsu. Ko ni ce ban fahimta ba?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumussalam Hajiya. Na kalla. Ai ba ta yi tsawon rai ba ne, yarinyar da aka kashe tun kafin ta cika shekara 20. Da ta kai 25 da kin ga abin. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Maman Ilham:
Haba Ɗan Fagge. Kai ma ka zama ɗaya daga cikin 'yan ajinsu ke nan. Abin da suka riƙa yi mata fa ke nan, ba ta yi wa kowa komai ba amma an riga an yanke mata hukunci.

Ɗan Fagge:
Ni gaskiya nake faɗa, ba tausayin fim ba. Ko a nan gida idan za a yi aure me ake fara bincika? Asali. Akwai kuturta a gidan? Akwai hauka? Iyayenmu ba wawaye ba ne, sun ga jiya sun ga yau.

Likitan Gobe:
Salam jama'a. Ni a Shenyang nake karatu, garin marubucin ke nan, Zheng Zhi. Daga littafinsa na 2017 aka ɗauko fim ɗin. Bari in ɗan ba ku hoton wurin, don in ba ku san shi ba rabin labarin zai wuce ku.

Shenyang garin masana'antu ne, ƙarfe da injuna. Akwai unguwar da ake kira Tiexi, a da hayaƙi ne ko'ina. A ƙarshen shekarun 1990 gwamnati ta yi wa kamfanoninta garambawul, aka sallami ma'aikata miliyoyi a faɗin ƙasar, kuma yankin nan ya fi ko'ina jin jiki. Wanda ya san Kakuri bayan an rufe masaƙu zai gane abin da nake nufi, sai dai ka ƙara da sanyin da ke sauka ƙasa da digiri 20 a ƙarƙashin sifili da dare. A wancan zamanin kamfani ne ke ba ka gida, asibiti, makarantar yara, har ɗumin ɗaki. Ranar da aka sallame ka duk sun tafi tare. To a irin wannan gari yaran suka taso, kowa na neman tudun dafawa, makaranta mai kyau ita ce kaɗai ƙofar fita. Shi ya sa iyaye ke jan kunnen 'ya'yansu kada su raɓi ɗan mai kisa ko 'yar mai tabin hankali. Gani suke ko zama kusa da su zai ɓata wa ɗansu takarda.

Ni a fahimtata marubucin da gangan ya haɗa su biyun. Ɗaya an ce ya gaji mugunta, ɗaya an ce ta gaji hauka, kuma ba wanda ya tsaya ya duba ko ɗaya daga cikinsu.

'Yar Damagaram:
Ni abin da ya fi ƙona min rai ba ma mai kisan ba ne, abokan ne. Mugun mai kuɗi kowa ya san halinshi, a kowane fim akwai shi. Amma Wang Di fa? Yaron da suke cin abinci tare, suke tafiya gida tare. Da Qin Li ya samu hatsarin da ya taɓa mishi kunne, yana bukatar wanda zai tsaya mishi gaban hukumar makaranta, sai abokan suka noƙe. Wallahi wurin nan na aje waya na tashi na sha ruwa. Kuma ban iya tsanar su ba, yara ne, an ɗora musu tsoron rasa makomarsu. Manyan da suka tsorata su ne nake jin haushi.

Baban Sadik:
Ni kuma fim ɗin ya gajiyar da ni, ku yi haƙuri. Na shiga ne don bincike, in ga ɗan sanda na bin sawu, sai na tarar rabin lokacin ana cikin aji ana kallon-kallo. Tun kashi na biyar na gane inda aka dosa. Wang Yanhui dai ya iya wasa, dattijon ɗan sandan nan, kana kallon fuskarsa ka san bai yi barci mai daɗi ba shekara 10. Shi ya riƙe ni. Su kuma 'yan wasan da aka ce 'yan sakandare ne, Ou Hao da ya fito a Qin Li ai ya haifi ɗan sakandare.

Maman Ilham:
Baban Sadik ka cika sharri. Amma ka yi gaskiya a kan jan labarin. Ni dai zaman ajin ne ya sa mutuwarta ta dake ni, da ban zauna da ita ba da gawa ce kawai a cikin ƙanƙara.

Anti Nas:
Na daɗe ina karanta ku ban sa baki ba, amma maganar Ɗan Fagge ba zan bar ta ta wuce ba. Aikina ke nan, a ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa nake, kuma kusan kullum sai wani ya ja ni gefe a baranda ya yi min tambayar nan da ƙaramar murya.

Da farko, "hauka" buhu ne da muke zuba komai a ciki. Akwai ciwon da ake kira sikizofireniya, mai sa mutum jin muryoyi da zargin ana binsa. Akwai mai hawa da sauka, wata guda mutum na sama yana rabon kuɗi ba ya barci, wata uku yana kwance ba ya ko wanka. Akwai ciwon damuwa mai tsanani. Akwai wanda ke zuwa wa mace bayan haihuwa. Akwai na shaye-shaye, akwai na buguwa a kai, akwai farfaɗiya da ba ma tabin hankali ba ce amma a unguwa duk sunansu ɗaya. Kowanne da yadda gado ke shiga cikinsa, wani ma ba ya shiga sam.

Mu ɗauki sikizofireniya tunda ita aka fi tsoro. A cikin jama'a gaba ɗaya, kusan mutum 1 cikin 100 ne ke samun ta. A Denmark, inda suke da rajistar asibiti ta kowa da kowa, an bi mutane sama da miliyan 2 aka fitar da sakamako a 2010. Wanda ɗaya daga cikin iyayensa ke da ciwon, 7 cikin 100 ne suka samu. Wanda uwa da uba duka ke da shi, 27 cikin 100. Tsofaffin littattafan da muka karanta a makaranta sun ɗan fi haka, suna cewa 10 zuwa 13 ga mai uwa ko uba ɗaya. To ka ɗauki babban ma. Yarinya irin Huang Shu, in har ma ciwon uwarta wannan ne, cikin goma irinta tara lafiya lau za su tsufa.

Ɗan Fagge, ka ce da ta kai 25 da mun gani. Lissafi ya ce da wuya.

Ɗan Fagge:
Anti na ji, kuma na gode. Amma ke da bakinki kin ce 1 ya koma 7, ko 10. Ninki nawa ke nan? In aka ce min wannan motar ta fi waccan yiwuwar faɗuwa sau bakwai, wace zan hau? Ni ban ce a tsangwami kowa ba. Cewa na yi ba zan kai kaina ba.

Anti Nas:
Ninki bakwai na ƙaramin abu, ƙanena. Ban ce babu gado ba, akwai shi, kuma mai ƙarfi ne. Amma ba irin na sikila ba ne, nan ne mutane ke rikicewa. Sikila ƙwayar gado ɗaya ce, AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4, ka je a ɗebi jini yau gobe a ba ka takarda. Wannan kuwa, a babban binciken da aka fitar a 2022 an samu wurare 287 a cikin ƙwayoyin halittar mutum da ke da hannu a ciki, kowanne da ɗan ƙanƙanin tasiri. Ni da kai duk muna ɗauke da wasu. Babu gwajin jinin da za a yi wa amarya a ce ga shi nan.

Kuma ga abin da ya fi komai sa ni tunani. Tagwaye masu kama ɗaya, waɗanda ƙwayoyin halittarsu ɗaya ne sak. In Hassan ya kamu, da gado ne kaɗai da Hussaini ba shi da mafita. Amma a binciken tagwayen Denmark kusan 1 cikin 3 ne kawai ɗan'uwan ya kamu, a tsofaffin bincike kuma wajen rabi. Sauran fa? Ciki ɗaya, nono ɗaya, jini ɗaya, amma ɗaya na asibiti ɗaya na kasuwa.

Sannan mafi yawan marasa lafiyar da nake ba wa magani, ka bi uwa ka bi uba ba za ka samu kowa mai ciwon ba. Motar da kake ganin lafiyayya ce ita ma ba a ba ka takardar garanti ba.

Likitan Gobe:
Anti ta tuna min abin da aka koya mana a nan, kuma misalin na ƙasar ne. Lokacin babbar yunwar Sin, 1959 zuwa 1961, an je yankin Wuhu a jihar Anhui, ɗaya daga cikin wuraren da yunwar ta fi yi wa ɓarna, aka duba takardun asibitin ƙwaƙwalwa na shekaru. Waɗanda aka haifa a 1960 da 1961, wato waɗanda aka yi cikinsu uwa na cikin yunwa, yiwuwar kamuwarsu ta ninka ta waɗanda aka haifa kafin nan ko bayan nan. A 2005 aka buga wannan. An ga irinsa a Holan ga yaran da aka yi cikinsu a yunwar ƙarshen yaƙin duniya na biyu. Ka ga jinin gidan bai canza ba, tukunya ce ta canza. Ana kuma lissafa wahalar haihuwa, da shan wiwi tun ana ƙuruciya, da azabar da yaro ya sha yana ƙarami. In ka duba na ƙarshen nan, 'yan ajin da ke tsokanar yarinya don gudun haukanta su ne ke tura ta wajensa.

Malam Na Zaure:
Assalamu alaikum. Ban kalli fim ɗin ba, ba na kallo, yarana ne suka cika min gida da Sinanci. Amma tunda an taɓo aure bari in ce wani abu. A Risala an ambaci aibobin da ake iya mayar da aure saboda su: hauka, kuturta, albaras, da ciwon da ke hana saduwa. Malamanmu na Malikiyya sun ce in ana fatan warkewa ana ba da jinkirin shekara guda a nemi magani. Amma ku lura, aibin da ke jikin wanda aka aura ake magana, ba na uwarsa ko kakarsa ba. Ban san inda aka ce a mayar da mace don mahaifiyarta ba ta da lafiya ba. Mutum yana da 'yancin ya auri wadda yake so ya bar wadda ba ya so, Ɗan Fagge ba wanda zai ɗaura maka dole. Inda laifi yake shi ne ka fasa, sannan ka bi gari kana faɗin dalili har ka toshe mata ƙofar wani.

Likitan Gobe:
Allah ya gafarta Malam, abin mamaki dokar Sin ta yanzu ta zo kusa da wannan, amma sai da ta yi doguwar tafiya. A 1994 sun yi dokar lafiyar uwa da jariri, ta fara aiki a 1995. Ta wajabta gwaji kafin aure, kuma cikin abin da ake dubawa har da manyan cututtukan ƙwaƙwalwa. In mutum na cikin tashin ciwon, likita zai ce a ɗage auren. In kuma aka ga cutar gado mai tsanani da aka ce bai dace a haihu da ita ba, sai an yarda da hana haihuwa na dogon lokaci ko ɗaure mahaifa kafin a yi aure. Masana a ƙasashen waje sun yi ca a kan dokar, suka ce tace iri ne. Ku lura, wannan ita ce dokar da ke aiki a shekarun da Huang Shu ke makaranta. Ba 'yan aji kaɗai ba, har hukuma na kallon irin gidansu da wannan idon.

A Oktoban 2003 aka daina tilasta gwajin wajen rajistar aure, mutane kuwa suka watse, masu zuwa suka ragu warwas. Sai kundin dokokin farar hula da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2021, sashe na 1053: wanda ke da babbar cuta dole ya sanar da wanda zai aura kafin rajista. In ya ɓoye, ɗayan na da shekara guda daga ranar da ya sani ya je kotu a soke auren. Nan ma cutar mutum ce da kansa.

Baban Sadik:
To mu a Kano dokar gwajin aure da aka sa wa hannu a 2024 ai jini ne, su sikila da ƙanjamau da ciwon hanta. Kada wani ya ji hirar nan ya kai shawara a ƙara da na ƙwaƙwalwa, don wallahi rabin angwaye ba za su haye ba.

Shugabar Zaure:
Baban Sadik a yi a hankali. Wata 'yar'uwa a cikinmu ta turo min saƙo ta ce in saka ba tare da sunanta ba. Ga shi yadda ta rubuto, kuma don Allah kada wanda ya bi ni ta bayan fage yana tambayar ko wace ce.

"Ni ce Huang Shu ɗin da kuke magana, sai dai ni ina raye. Mahaifiyata ta fara ciwo ina firamare. Tana shan magani, duk wata muna zuwa a yi mata allura, ta fi shekara goma ba a kwantar da ita ba. Ɗinki take yi, ita ta biya min kuɗin jarrabawa. Maganin yana sa hannunta ɗan rawa. Akwai wanda ya fito neman aurena, magana ta yi nisa, sai gwaggonsa ta zo wai gaisuwa. Umma ta kawo mata ruwa a kofi a kan faranti, kofin yana ɗan ƙara saboda rawar hannun. Matar nan ta zuba wa hannun ido har Umma ta ajiye. Ba ta sha ba. Ta ce azumi take, ranar Talata. Bayan sati aka aiko a karɓi kayansu. Umma ba ta ce komai ba, amma daga ranar in baƙi suka zo sai ta shige ɗaki ta ce in ce ba ta nan. Wannan ya fi fasa auren yi min ciwo.

Ɗan Fagge ban ji haushinka ba, ka faɗi abin da mutane ke yi ne a ɓoye. Tambayata ga Anti Nas ce. Na wuce 27. Duk ranar da na kasa barci sai gabana ya faɗi in ce shi ke nan ya zo. Yaushe mutum zai daina jira?"

'Yar Damagaram:
Allah sarki. Allah ya ƙara wa Umma lafiya, ya ba ki wanda ya san darajarki. Ita kuma gwaggo mai azumin Talata, Allah ya karɓa.

Ɗan Fagge:
'Yar'uwa ki yafe min in maganata ta sosa miki rai. Abin da matar nan ta yi rashin tarbiyya ne, ko ba za a yi auren ba ai a sha ruwan mutane. Amma zan yi ƙarya in na ce na canza ra'ayi gaba ɗaya. Ina da ɗan'uwa da ya auri mai irin wannan lalurar, ba a faɗa masa ba, sai bayan haihuwar fari abin ya tashi. Na ga abin da ya gani. Shi ya sa nake da zafi a kai.

Anti Nas:
Ɗan Fagge, abin da aka yi wa ɗan'uwanka ɓoyewa ce, kuma zalunci ne ga su biyun. Da an faɗa, da likita ya san da cikin tun farko. Makonnin farko bayan haihuwa lokaci ne mai hatsari ga macen da ta taɓa yin ciwon, musamman mai hawa da saukan nan, kuma ana shirya masa: a daidaita magani, a samu mai karɓar jariri da dare don ta yi barci. Amma ka tambayi kanka me ya sa suka ɓoye. Sun san in suka faɗa gwaggo za ta zo ta ƙi shan ruwa. Haka abin ke zagayawa. Wasu ma har da cewa a yi masa aure zai warke, a dakatar da magani kafin biki don kada dangin amarya su ga kwalba. Sai a dawo mana da shi wata biyu bayan biki a ɗaure.

Ƙanwata mai saƙo, ki saurare ni. Kasa barci dare ɗaya ko biyu ba alama ba ce, kowa na yi, balle mai tunani irin naki. Ciwon ya fi farawa daga ƙarshen shekarun goma sha zuwa farkon talatin, maza da wuri, mata a ɗan makare, don haka ba zan ce miki ga ranar da ƙofa ke rufewa ba. Abin da zan ce, tun farko ma rinjaye na wajenki, kuma kowace shekara yana ƙaruwa. Abin da ake kula da shi shi ne canjin da ya ɗauki makonni: mutum ya janye daga mutane, ya daina kula da jikinsa, ya fara jin ana magana da shi babu kowa, ko ya yi kwanaki ba barci kuma ba ya jin gajiya. In hakan ta faru ba a jira, zuwa da wuri yana canza komai. Ki nisanci wiwi da ƙwayoyi, na san ba kya yi, don masu karatu na faɗa. Ranar allurar Umma ta gaba ki nemi minti biyar da likitanta ki faɗa masa tsoronki. Shi ya san ainihin sunan ciwonta, mu nan hasashe muke. In aure ya zo, ki faɗa da bakinki kafin a kawo kaya, kuma in da hali ki kai shi ya ji daga likitan.

Maman Ilham:
Anti kin gama magana. Likitan Gobe, yanzu a can yaya abin yake? Ko har yau irin na fim ɗin ne?

Likitan Gobe:
Ya canza, amma ba kamar yadda ake nunawa a talabijin ba. A 2004 gwamnati ta fara wani shiri da ake kira 686, daga kuɗin farko da aka ware, yuan miliyan 6.86 a kuɗinsu. Ana bin ƙauyuka ana ba da magani kyauta ga marasa hali, ana kwance waɗanda danginsu suka ɗaure da sarƙa ko suka kulle a ɗaki shekara da shekaru. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa kuwa sai a Mayun 2013 ta fara aiki, bayan an shafe shekara sama da 20 ana rubuta ta, ita ce ta ce kwantar da mutum a asibiti da yardarsa ne sai in akwai hatsari. Yanzu akwai sama da mutum miliyan 6 a rajistar masu ciwo mai tsanani. Rajistar tana da amfani, tana kuma da nata ciwon kai, domin jami'an unguwa na bibiya, wasu iyalai kuma na gudun asibitin gwamnati don kada sunansu ya shiga.

Matasa dai sun fara sakin jiki. Babban asibitin ƙwaƙwalwa na Shanghai yana lamba 600 a titin Wanping ta Kudu, a da in aka ce maka "ka fito daga 600" zagi ne. A 2021 kek ɗin bikin gargajiya na cikar wata da asibitin ya yi da tambarinsa sai da ya zama abin yayi, kowa na nema. Amma je ka wurin da iyaye ke haɗuwa a lambu suna neman wa 'ya'yansu miji ko mata, ka ce akwai mai ciwon a gidanku, ka ga yadda za a naɗe takarda.

Malam, wannan zai ba ka sha'awa. Marubucin nan yana da wani gajeren labari kan mijin gwaggo mai tabin hankali, an yi fim ɗinsa a 2024. Dangin ba asibiti kaɗai suka kai shi ba, sun kira wata mai aljanu. A yankin nan akwai masu bauta wa ruhin dabbobi, yanyawa, maciji, har da bushiya, kuma ta wajen bushiyar aka ce matsalarsa take.

Malam Na Zaure:
Subhanallah, bushiya kuma. To ashe ba mu kaɗai ba ne. Ni abin da nake gaya wa masu kawo min irin wannan, addu'a ba ta hana allura. Ku yi ruƙiyya da Alƙur'ani a gida, ku kai shi Dawanau ko Barnawa ko Kware, duk wanda ya fi kusa. Wanda ya ce ku zubar da magani ko ya ɗauko bulala, ku ɗauke ɗanku ku tafi.

Ɗan Fagge:
Anti tambaya ta ƙarshe. In mutum ya ga yarinya yana so, aka ce uwarta na da lalurar, ya je wajen likita shi kaɗai ya tambaya, za a gaya masa?

Anti Nas:
A'a. Sirrin mara lafiya ne, ko ni ka tare a baranda ba za ka ji komai ba. Lissafin da na ba ku a nan kowane likita zai ba ka. Amma abin da ya shafi ita uwar, sai da yardarta, kuma tare za ku shigo da 'yar. Ka zo da wuri, ranar asibitinmu layi na kaiwa bakin ƙofa tun kafin takwas.